Mutanen Lamba Uku

Ranar Talata, ana fitowa daga sallar asuba, motar masu binciken takardu ta shiga unguwar Harra ta Gabas da ke Madina. Wannan karon ba tsare hanya suka yi suna tambayar iƙama ba. Da takarda suka zo a hannu, suna bin ƙofa-ƙofa suna kiran suna. Kafin rana ta yi zafi sun kwashi magidanta goma sha tara, dukkansu marasa iƙama, wato takardar zama, sun nufi Jidda da su, inda ake tara waɗanda za a kora. Kowa a unguwar ya san abin da hakan ke nufi. Wani daga cikinsu ne ya rubuta sunayen.

Cikin waɗanda aka tafi da su har da Audi, yayan Maiwada. Tsoho ne mai ciwon ƙirji, wanda ya iso Madina da ƙafa a 1957. Shekara ashirin da shida ke nan ba shi da wani buri sai ya mutu a garin nan a binne shi a Baƙi'a. Jirgin ruwan korarru kuwa ranar Lahadi zai tashi.

Maiwada ɗan doka ne a Gusau kafin ya biyo yayansa, yanzu yana gadin wata gonar dabino a Ƙuba. Shi yana da iƙama, amma kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wajen hukuma, yana Masar wajen magani. Mutum ɗaya ya rage da zai iya fito da Audi, wato Malam Shittu, malamin jami'a mai abokai cikin manyan gari. Shi ne kuma mutumin da duk Harra ke tsine wa tun safe.

Dalilin tsinuwar shi ne zaɓe. Ƙungiyar Zumuntar Takari, mai kula da jana'iza da sasanta rigima da nema wa baƙi aiki, za ta zaɓi sabon shugaba ranar Juma'a. Masu nema uku ne: Malam Shittu, da Idrisa bakanike ɗan Cadi, da Ɗan'inna mai gidan burodi, Bahaushen Sudan. Mutum sha taran nan duk na Idrisa ne. Ai lissafin ba wuya, in ji mutane.

Maiwada ya tarar da ƙofar Malam Shittu duk shatin jifa.

"Allah ya gafarta Malam, yayana na zo roƙo."

"Na sani. Akwai wanda zai ɗauki kafalarsa in na yi magana. Amma ka duba ƙofata. In na fito da mutum ɗaya yau, gobe a ce ga shaida, dama hannuna na cikin na hukuma. Ina da iyali a garin nan, Maiwada."

"Kai ka ba da sunayen?"

"Wallahi ban bayar ba. Biyu daga cikinsu ma, Sale da Hamidu, sun zo nan makon jiya sun ce ni za su zaɓa a ɓoye. Zan sa a kama ƙuri'ata?" Ya ƙara da cewa, "Ka nemo wanda ya yi, ka faɗa a gaban jama'a. Washegari ni da kaina zan tuƙa ka zuwa Jidda."

Ran Maiwada ya ɓaci ƙwarai, don da ran ɗan'uwansa ake wannan ciniki. Ya haɗiye, ya yi sallama.

Ya fara da Maikuɗi tela, sakataren ƙungiya, wanda littafin rajista ke hannunsa. Ya same shi a kan keken ɗinki.

"Wa ya taɓa littafin?"

"Ba kowa, Baba. Ga shi nan ƙarƙashin keke, makulli a wuyana."

"Buɗe min sunan Audi."

Maikuɗi ya buɗe. An rubuta: Audi, bayan masallacin 'yan Barno.

"Daga nan ya tashi tun watan jiya," in ji Maiwada. "Yanzu yana wani ɗaki a bayan ma'ajiyar gawayi, ko ni sai da na ɓata sau biyu kafin na gane wurin. Su kuwa kai tsaye suka je. Rufe littafinka, ba daga nan aka kwafa ba. Wa ma ya kawo wannan rajistar? Da can ai dattawa ke zama su nuna mutum."

"Awwalu ne, mai yi wa Idrisa yaƙin zaɓe."

Kowa ya san Awwalu. Ɗalibi ne a jami'a, amma kafin ya zo ya yi shekara huɗu yana karatu a Kanada, kuma ba ya zama minti goma bai ambaci hakan ba. Can ya yi wa wani ɗan takara hidima a babban taron zaɓen shugaban jam'iyya a Ottawa. Yakan ba da labarin yadda wanda ya zo na uku a zagayen farko ya ƙare da cin zaɓe, yana yi idonsa na ƙyalli. Shi ya shawo kan dattawa aka ɗauki tsarin can: a yi rajistar kowa, a jefa ƙuri'a zagaye-zagaye, wanda ya zo na ƙarshe ya fita, mutanensa su koma wa wanda suka ga dama.

Laraba Maiwada ya je gidan burodin Ɗan'inna a Aƙiƙ.

"Kai ne na uku, ko?"

"Mutum sittin gare ni, ba na ɓoyewa. Malam na da ɗari, Idrisa casa'in. Ni zan fara fita."

"In aka rage wa Idrisa mutane, kai za ka hau na biyu."

"Da sha tara? Haba! In da ni ne, ai sai na kwashe talatin da ɗaya. Ka lissafa mana."

Maiwada ya lissafa. Gaskiya ne, Idrisa na nan a na biyu da saba'in da ɗaya.

"In ka fita, wa za ka bi?"

Ɗan'inna ya goge garin da ke hannunsa a jikin riga. "Mun yi alkawari da Malam tun Rajab. Zan tashi in je in tsaya kusa da shi, mutanena su biyo ni. Amma shi ke nan, wannan ta mutu. Jiya suka zo suka ce ko na bi shi su ba za su bi mai tona asirin bayin Allah ba. Idrisa za su yi."

"Wa ya san da alkawarin?"

"Awwalu ya sani. Ya zo nan sau uku yana lallashina in sauya, na ce masa a'a."

Ranar Alhamis Maiwada ya yi aikin da ya fi iyawa, ya bi gidaje sha taran ɗaya bayan ɗaya. Yakan tsaya daga bakin labule ya yi wa matar gida jaje, sannan ya yi tambaya ɗaya: da mai gidan yana nan, zai je zaɓe? Shida za su tafi aikin gini a Yanbu ranar Alhamis. Biyar suna kwance ba lafiya. Uku sun ce ba ruwansu da zaɓe, an dai rubuta su ne don kunya. Sauran biyar, har da Sale da Hamidu, zuciyarsu ta fara karkata wajen Malam. Direbobin Idrisa da masu tara masa jama'a kuwa, waɗanda su ma ba su da iƙama, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Ɗakin Audi ya bari ƙarshe. Matarsa Lami tana zaune a ƙasa, idonta ya kumbura.

"Wa ya taɓa zuwa nan tun da kuka tare?"

"Kai, sai mai kawo ruwa, sai Awwalun nan mai kwalin kati. Ai kana nan ranar."

Yana nan kuwa. Ya tuna Awwalu a tsugune da ladabi, yana tambaya ko Baba Audi zai samu fitowa ranar Juma'a. Ya tuna bakinsa, nasa na kansa, yana cewa, "Kada ka sa rai da shi, Yaya ko ƙofa ba ya iya kaiwa." Ya tuna Awwalu ya zaro kati daga kwalin takalmi ya rubuta wani abu ƙarami a kusurwa.

Juma'a bayan la'asar aka taru a gonar da yake gadi, nesa da idon hukuma. Malam Shittu ya zauna gefe, an bar fili tsakaninsa da jama'a. Awwalu na bakin ƙofa da kwalinsa, duk na Idrisa da ya shigo ya ja layi a katinsa, wanda bai iso ba ya tura mota. Kafin a raba takardun ƙuri'a Maiwada ya miƙe ya nemi izinin dattawa.

"Awwalu, zo da kwalin nan. Mene ne lambobin da kake sa wa a kusurwa?"

Awwalu ya yi murmushi, ya samu abin da yake son bayani. "Tsarin Kanada ne, Baba. Ɗaya, namu ne tabbas. Biyu, namu ne amma sai an kai masa mota. Uku, yana cikin rajistarmu amma ba za mu samu ƙuri'arsa ba."

"Ina katunan waɗanda aka kama?"

"Na yage su. Ba za su yi zaɓe ba."

"To. Zaro min kati ɗaya mai lamba uku."

Awwalu bai motsa ba. Maikuɗi ya karɓi kwalin ya zazzage a kan tabarma, ya bi su ɗai-ɗai a gaban kowa. Kati saba'in da ɗaya, babu mai lamba uku ko guda.

Maiwada ya juya ga Idrisa. "Ranar ƙarshe da ya kawo maka lissafi kafin kamen, me ya ce?"

Fuskar Idrisa ta yi fari fat kamar an watsa masa toka. "Ranar Lahadi ne. Ya ce muna da saba'in da ɗaya a hannu. Ya ce sha tara kuma asara ne."



"Ga yadda abin yake," in ji Maiwada. "Ba daga littafin ƙungiya aka kwafi sunayen ba, don masu kamen sun je ɗakin da littafin bai sani ba. Wanda ya bi gida-gida ne ya rubuta. In da maƙiyin Idrisa ne, direbobinsa zai fara miƙawa. Wannan kuwa ya zaɓo waɗanda dama ba za su jefa wa Idrisa ƙuri'a ba, bai yi asarar ko ɗaya ba. Ya san Ɗan'inna zai kai wa Malam mutum sittin. Hanya ɗaya ce ta hana su, a sa su tsani Malam. Saba'in da ɗaya da sittin, ɗari da talatin da ɗaya, Malam na da ɗari. Da 'yan'uwanmu sha tara ya sayi mutum sittin."

Idrisa ya yi kukan kura ya shaƙe wuyan rigar Awwalu, da ƙyar mutum huɗu suka ɓamɓare shi. "Ya Allah! Ni na ce ka yi? Ni na sa ka?"

"Ba ka sa ni ba, shi ya sa za ka ci," in ji Awwalu yana gyara riga, bai sunkuyar da kai ba. "Ku kuna ganin zaɓe addu'a ce. Lissafi ne. Kuma ban kashe kowa ba, gida kawai za a mai da su."

"Gida?" in ji Maiwada. "Hamidu a nan aka haife shi. Wane gidan?"

Ba wanda zai kai ƙara, don rabin masu shaidar ba su da takarda. Dattawa suka yanke abin da za su iya: ba mai amsa wa Awwalu sallama, ba mai zama da shi a kan akushi. Ya fita ta tsakiyar mutum ɗari biyu, ba wanda ya dube shi. Idrisa ya janye daga takara yana hawaye. Maikuɗi ya cinna wa littafin rajista da katunan wuta a gindin dabino. Zaɓen da ba a yi ba ke nan.

Malam Shittu ya cika alkawari. Asabar da hantsi ya karɓo takardar kafala, suka kama hanyar Jidda. Ma'aikacin da ke bakin taga ya karɓi takardar, ya duba wani dogon littafi, ya sake dubawa, sannan ya miƙo musu ita a hankali.

"Allah ya ba ku haƙuri. Ranar Alhamis ya rasu. An yi masa sallah, an binne shi nan Jidda."

Malam Shittu ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da rawaninsa. Da ranar Talata ya taso, da sun same shi da rai. Maiwada bai faɗa masa haka ba, ya ga ya riga ya sani.

Lahadi da safe jirgin ya tashi da sauran sha takwas. Da azahar Maiwada ya isa ɗakin da ke bayan ma'ajiyar gawayi. Lami ta leƙa bayansa ta ga ba kowa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta jawo wani tsohon akwatin ƙarfe, ta fito da farin ƙyalle a naɗe, ta ɗora masa a hannu.

"Likkafaninsa ne. Da kansa ya wanke shi da zamzam shekarar da muka yi aure, duk ƙaura shi yake fara ɗauka." Ta dube shi. "A cikin me suka sa shi, Maiwada?"

Bai sani ba. A Jidda bai tambaya ba.