Mijin Lauratu Ba Shi da Gari

Lauratu na ɗaki da jaririnta a cinya ta jiyo faɗan Bappa, ƙanin mahaifinta da ya riƙe ta, daga zaure. Wankan jego ya kawo ta gida, garin Sule Tankarkar, ta yi arba'in tuni, amma Bappa ya kafe ba za ta koma ba.

Mijinta Ubale, wanda ya zo ɗaukarta, dogo ne kamar giginya, ƙwallon kwando ce sana'arsa. Bana Kano, baɗi Kaduna. Da koci ya samu wanda ya fi shi, sai a sallame shi, ya saɓi jaka ya nemi wani kulob. Bai taɓa yin suna ba, amma bai taɓa barinta da yunwa ba.

"Bappa, kulob ɗin Jos sun ɗauke ni, har ɗaki suka ba ni."

"Bara ma haka ka ce. Ƙato da gajeren wando yana jifan kwandon da ba shi da gindi! Ba na ba mara gari 'yata. Ka sauwaƙe mata."

Hawaye ya zubo wa Lauratu. Tana son mijinta kamar ranta, amma 'ya ba ta musu da uba. Ta rungume ɗanta, ba ta da abin yi sai kuka.

Goggo, yayar Bappa, ta ajiye tsinken kaba ta nufi zaure tana dogara sanda.

"Ilu," ta kira shi da sunansa, "da ka auri Hannatu, a wane gari kake? Rani Damagaram, damina Gagarawa, bukkarku a bayan takarkari. Wa ya raba ku?"

"Yaya, ai wannan kiwo ne—"

"Kai ka bi ciyawa, shi yana bin ƙwallo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kuma ba wayonka ne ya zaunar da kai ba, farin shekara uku ne ya cinye shanunka."

 Sai Bappa ya share ido da bakin rawani, ya ce, "Ku haɗa mata kayanta."

Washegari suka hau motar Gumel, ƙafafun Ubale sun kasa samun wurin zama, Lauratu na ta dariya.

Mai haƙuri ba ya rasa mai tsaya masa. Kuma gida ba gari ba ne, gida shi ne wanda ya riƙe ka amana.