Kofin da Yaya Pindar Ya Ɗauka

"Ka hana yayana makulli, Othniel? A gaban mutane?"

Phebe ta tsaya a ƙofar ofis, ko gaisuwa babu. Othniel, saurayinta, shi ne shugaban direbobi a kamfanin ruwan leda na fiya wata da ke hanyar Dusuman, inda ita ma take aiki. Ya ɗago a hankali. Mutumin nan ko rigarsa ce ta kama da wuta sai ya gama murmushi kafin ya kashe, abin da ke ƙara ƙular da ita ke nan.

"Zauna, zuciyata."

"Ba zan zauna ba!"

"Ruwan ne ya zube, Phebe. Ba ni na zubar ba."

Kowa a kamfanin ya san zancen kofin. Tun da ƙwaya ta fara cin direbobi, mai kamfanin, Ba Madu, ya kafa doka. Kowace safiya direba zai ɗauki kofi cike taf da ruwa daga teburin Othniel zuwa motarsa. In ya kai lafiya, a ba shi makulli. In hannu ya yi rawa, a zauna da shi. Wanda ya faɗi gaskiya da bakinsa a kai shi asibiti, aikinsa yana jiransa. Wanda ya kafe har gwaji ya tona shi, sallama ce.

Yau rabin ruwan a takalmin Pindar, yayan Phebe, ya ƙare.

Pindar kuwa ba yaya ba ne kawai a wurinta. Tun rasuwar babansu, da suka baro ƙauye, shi ya riƙe ta, shi ya sa ta makaranta. Shi ne kuma zai karɓi dangin Othniel ranar gaisuwar neman aure. Ga shi ya rantse ɗazu cewa wanda ya kunyata shi ba zai auri ƙanwarsa ba.

"Gajiya ce kawai..." muryarta ta yi ƙasa. "Ka ba shi na yau. Saboda ni."

"Saboda ke na hana. Lungunan Gwange yake bi, yara ko'ina. In ya take ɗan wani fa? In shi aka kawo miki a kwance fa?" Ya numfasa. "Ina sonki, Allah ya sani. Amma in na miƙa makullin nan, ba mijin kirki kika samu ba."

Ta fita idanunta cike da hawaye, don ta san gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta yi mata zafi.

A gindin darbejiya ta iske Pindar, yana ta zufa tun rana ba ta yi ba.

"Kin roƙe shi?"

"Na roƙa, Yaya."

"Lafiyata ƙalau, wallahi. Sharri ne kawai."

Ta zauna kusa da shi, ta daɗe tana kallon hannunsa.

"To shi ke nan. Zan koma in sa shi ya bayar. Amma ni zan zauna a gaba, in ɗora 'yarka Rose a cinyata, ka zaga da mu."

"Kina da hankali kuwa? Rose ba za ta shiga motar nan ba!"

Shi kansa ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya sunkuyar da kai.

"Tiramol ne, Phebe... Mai shayi ke jefa min a shayi saboda ciwon baya. Da ɗaya na fara."

Ta riƙe hannun da ke rawa, ta raka shi har ofishin Ba Madu.

Jinyar ba ta zo da sauƙi ba. Ga amai, ga faɗa, ga rashin barci. Othniel ya yi ta zuwa dubiya, Pindar yana juya masa baya. Har ya warke ya dawo gida bai ce e ba, bai ce a'a ba kan maganar auren. Phebe ta rame da fargaba.

Ranar gaisuwa baƙi suka cika tsakar gida. Salomi, matar Pindar, ta miƙe za ta kai musu ruwa, sai ya dakatar da ita. Ya cika kofi har baki, ya ɗauka da kansa. Phebe tana leƙe ta labule.

Ya ratsa tsakar gidan a hankali, ya wuce dattawa, ya tsaya a gaban Othniel.

"Duba ƙasa, shugaba."

Othniel ya duba. Idanunsa suka kawo ruwa.

"A bushe take, Yaya."

"To sha. Kuma ka riƙe min ita yadda ka riƙe makullin nan."

A bayan labule Phebe ta toshe baki da mayafinta, tana dariya tana kuka.