Kujera Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Don Allah don Annabi, duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa, in ya gane rubutuna kada ya faɗi sunana. Ko a gida ba a san ina rubutawa ba. A aji huɗu na tsaya, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. Sunayen mutanen ma na canza su. Abin dai a Suleja ya faru, shekarar nan da aka kwaso ma'aikata daga Ikko zuwa Abuja, har ɗakin haya ya yi wuya a garin nan.

Malam Ghali yana cikin waɗanda aka kwaso. Ya kama ciki da falo a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, shi da matarsa Sa'ida da 'ya'yansu mata biyu. Babbar Sailuba, shekararta sha shida. Ƙaramar Nana, sha biyu. Kowa ya san shi masinja ne a ma'aikatar gwamnati, haka ya gaya wa danginsa, haka ya gaya wa matarsa.

A cikin kayan da babbar mota ta sauke musu akwai wasu kujeru uku a haɗe, ƙafafunsu ƙarfe, jikinsu jan yadi mai laushi duk ya koɗe. In mutum ya tashi, mazaunin sai ya naɗe kansa ya koma sama. Kowacce da lambarta ta jan ƙarfe: sha uku, sha huɗu, sha biyar. Ya ce ofis ne za su zubar, ya roƙa aka ba shi. Aka jera su a falo, mata 'yan haya har leƙowa suke yi su gani.

Ranar da abin ya fara, damina ta sauka, gari ya yi luf. Ana shirin kiran magariba. Umma, wato Sa'ida, tana waje tana tuƙa tuwo. Nana tana falo tana goge gilashin fitilar ƙwai. Sai ta ji ƙiiii a bayanta, a hankali. Ta waiga. Kujerar tsakiya ce take saukowa da kanta. Ta sauko har ƙasa ta tsaya, yadin ya lotsa kamar an zauna. Ba kowa.

Sannan ta ji wata ƙara. Wata siririyar murya ce guda ɗaya, doguwa, kamar ta sarewa. Sai wasu suka biyo ta, da yawa, masu kauri da sirara, kowa yana neman ya daidaita da ta farkon. Ba daga rediyo ba ne. Daga cikin bango take, ko daga ƙasa. Suka yi ta yi, sai ɗif.

Nana ta buɗe baki za ta kira Umma. Tsakuwa ta same ta a leɓe.

"Shhh," aka ce, daidai kunnenta.

Daga ranar, gidan nan bai ƙara jin daɗin magariba ba. Da rana ta faɗi kujera za ta sauko, ƙarar nan ta zo ta ɗauke, sai jifa. Kuma jifan ba na kowa da kowa ba ne, sai wanda ya yi motsi. Ka yi tari, tsakuwa. Yaro ya yi kuka, dutse a kan kwano. Maman Adaobi, Inyamurar ɗakin ƙarshe mai sayar da garin rogo, ta kunna rediyonta, aka jefo rabin bulo ya raba shi biyu. Ta fito tsakar gida tana tafa hannu.

"Maman Nana, wannan aljani naka ba ya son magana! Ko coci ba a yi mana haka!"

Kafin ta rufe baki tsakuwa ta same ta a goshi. Ta koma ɗaki da rarrafe. Gida mai mutum kusan hamsin, daga magariba zuwa isha'i ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga indararo.

Umma ta ce a fitar da kujerun. Malam Ghali ya ce to, gobe. Goben ta zo ya ce jibi. Ko kallon falon ba ya yi, ta gefe yake raɓawa ya shige ciki.

Sailuba kuwa yarinya ce mai kafiya. Ran kwana na shida ta ce ita ta gaji da yin magana da hannu kamar bebiya a gidan ubanta.

"Yaya, don Allah kar ki zauna," in ji Nana.

"Ke matsoraciya. Ƙarfen ciki ne ya saki. In na danne ta na ga abin da zai sauko."

Ta zauna a ta tsakiya tana dariya, saura kaɗan a kira salla. Nana tana kallonta. Dariyar ta tsaya a rabi. Bayanta ya miƙe sak. Ta haɗe gwiwoyi, ta ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya a cinya, ta ɗaga haɓa, ta zuba wa bangon gabanta ido kamar akwai abin kallo a can nesa. Shi ke nan. Ba ta ƙara tashi ba.

Maza huɗu suka kama ta, ko gezau. Suka ce a ɗaga da kujerar, kamar an dasa ta a siminti. Ba ci, ba magana, ba barci. Ruwa sai Umma ta ɗiga mata da cokali, rabi ya zubo ta gefen baki. Esta, wata nas da ke haya a gidan, ta ɗaura mata ƙarin ruwa a zaune, ta ja Umma gefe ta ce ita ba ta ga ciwo ba, amma in aka ƙara kwana uku a haka, ƙafafun nan da suka kumbura da zuciyar nan ba za su kai ba. Nana ta ji da kunnenta. Ta shiga bayan gida ta toshe baki ta yi kuka, don ko kukan ba a isa a yi da ƙarfi ba.

Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da Nana ta yi wayo ba ta taɓa jin Umma ta faɗi sunan yayarta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ran kwana na takwas Umma ta durƙusa a gaban kujerar, ta kama ƙafafun nan masu sanyi.

"Sailuba. Sailuba, ni ce. Ki dube ni ko sau ɗaya."

Daga kan kujerar aka ɗaga yatsa ɗaya aka ɗora a leɓe. Ko kallonta ba a yi ba.

A ranar ce Nana ta shiga ciki ɗauko zani, ta tarar da Baba a tsugune gaban akwatinsa na ƙarfe. Yana riƙe da wata ƙararrawa ta hannu, ya cusa yatsu ya danne harshenta don kada ta yi ƙara. Hawaye yana bin gemunsa. Da ya gan ta ya yi sauri ya tura ta ƙarƙashin kaya.

Washegari tun da safe Umma ta yafa mayafi, ba ta tambayi kowa ba, ta hau mota zuwa Sabon Wuse. Da la'asar ta dawo da Malam Tanimu, wani dattijo ɗan siriri mai tari, da buta da carbi, ba jaka ba tarkace. Ya zauna a tabarma gaban Sailuba ya jira rana ta faɗi. Ƙarar nan ta zo, ta ɗauke. Sai ya fara karatu da ƙarfi.

Duwatsu suka yi ta sauka a kwano kamar ƙanƙara. Bai fasa ba. Can sai wuyan Sailuba ya juyo a hankali, bakinta da ya tsattsage ya buɗe. Muryar wata tsohuwa ce, mai sanyi, mai ji da kanta.

"Wane marar tarbiyya ne wannan? Za a koma kiɗa."

"Sunana Tanimu. Wa ke magana?"

"Mai kujera."

"Yarinyar nan fa, me ta yi miki?"

"A kaina ta zauna. Shekara sittin ba a taɓa sayar da tikitin kujerata ba."

"A ina?"

"Tambayi yaron can da ke bakin ƙofa. Shi ke share ƙarƙashin ƙafata."

Kowa ya waiga. Malam Ghali ne a bakin ƙofa, ya jingina da bango.

"Malam," in ji Umma tana kallon mijinta, "me take faɗa?"

Malam Tanimu ya ce, "Ghali, 'yarka ba ta da kwana biyu. In akwai magana, yanzu ne."

Sai ya sulale ya zauna a ƙasa, a gaban matarsa da maƙwabta da suka cika taga, ya faɗa. Shi ba masinja ba ne a Ikko. Shekara sha tara a gidan kiɗa ya yi su. Wani tsohon zaure ne tun na zamanin Turawa, mai hawa biyu da labule ja, inda makaɗa kusan sittin suke zama da goge irin na saƙalawa a wuya, da manyan goge da ake tsayarwa a ƙasa, da ƙahonni da ganguna, wani mutum ya tsaya a gabansu da 'yar sanda yana juya su. Kafin a fara kiɗa, mai sarewa ne yake jan murya ɗaya, sauran su daidaita da ita, sai kowa ya yi tsit. Shi kuma Ghali shi ne mai jera musu kujeru, mai jan labule. Ubansa limami ne, shi ya sa bai taɓa faɗa ba.

Tsohon mai kula da zauren, Baba Jerome, da zai yi ritaya ya bar masa ƙararrawa da ka'ida biyu. Kujera ta sha huɗu a layin gaba ba a ba kowa. Kuma duk ranar da aka yi wasa, bayan kowa ya fita, sai a tsaya a kan dandamali a kaɗa ƙararrawa sau uku, a ce wa zauren da ba kowa: an gama, a sauka lafiya. Sannan a kashe fitila.

"Ran wasan ƙarshe," in ji shi, "ana tsakiyar kiɗa aka yi ruwa, rufi ya ɓalle, wuta ta ɗauke. Aka fita a guje. Ni ma na gudu. Ban kaɗa ba. Ba a ƙara buɗe wurin ba, mu ma'aikatansa aka rarraba mu ofisoshin gwamnati. Da aka zo kwashe kaya na ga kujerun na yi sha'awa. Wallahi na ɗauka maganar tsoho ce kawai."

"Ba a sallame ni ba," in ji muryar. "Ina zaune ina jira. A kawo makaɗana su ƙarasa, in tashi."

"A Suleja?" in ji Malam Tanimu. "Baiwar Allah, ko a Ikko sun watse. Kuma ni ba na tara wa aljani makaɗa, ba na yanka masa ko kaza."

"To mu zauna. Ni ba na gajiya. Ita ce mai gajiya."

Umma ta saki wani irin kuka. Malam ya ɗaga murya ya koma karatu, jikin Sailuba ya hau karkarwa, muryar tana cewa yana ƙona ta, amma hannuwan suna nan damƙe da kujera, har jini ya fito a farce. Nana ta ga idon yayarta yana juyewa. Ta ga in aka ci gaba, kafin tsohuwar ta fita Yaya ce za ta fara tafiya. Malam ma ya gani. Ya tsaya yana haki.

"Ji nan," ya ce. "Kiɗa ba ki da shi a wurinmu. Sallama kuwa hakkinki ce, an danne miki. Za a ba ki. Ki karɓa ki fita, ki yi alkawari ba ke ba gidan nan."

Sannan muryar ta yi ƙasa, kamar ta yarinya.

"To yaya kiɗan ya ƙare? Ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Shi ya ji. Sati uku suna gwaji da rana yana shara."

Malam Tanimu ya dubi Ghali, ya kau da kai ya dubi bango. Bai ce yi ba, bai ce bari ba.

Malam Ghali ya tashi ya shiga ciki. Ya fito da ƙararrawar, sanye da wata farar kwat mai maɓallan ƙarfe da ta yi masa kaɗan. Ya tsaya a gaban 'yarsa. Mutumin da ko waƙar talla ba a taɓa ji a bakinsa ba, ya rufe ido ya fara rera kiɗan da hanci. Muryar tana fashewa. Abin ya fara can ƙasa kamar mai rarrashi, ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, yana kaɗa hannu bai sani ba, hawaye yana zuba. Ya buga ƙafa a ƙasa sau uku, wurin manyan ganguna. Ya ja murya ɗaya doguwa har numfashinsa ya ƙare.

Ba wanda ya motsa. Sai hannuwan Sailuba suka saki kujera, suka ɗago, suka tafa. A hankali, sau biyar ko shida.

"Ashe haka ne," in ji muryar. "Na yi alkawari."

Ya kaɗa ƙararrawa sau uku. "An gama," ya ce. "A sauka lafiya."

Sailuba ta zube gaba, Umma ta tare ta. Kujerar ta yi ƙiiii ta naɗe kanta. Nana ta ji iska mai sanyi ta wuce ta gefenta ta fita ƙofa, har da ƙamshin wani tsohon turare. Can sai wata 'yar murya a ƙirjin Umma ta ce, "Umma, ƙafata. Yunwa nake ji."

Maman Adaobi ce ta fara yin tari a taga. Kowa ya dafe kai yana jira. Ba abin da ya faɗo.

Washegari aka kai kujerun bayan garin Diko aka ƙone. Sailuba ta yi wata biyu kafin ta taka da kyau. Umma ba ta taɓa yi wa Baba maganar ba, sai dai ranar da ya zo zai jefa kwat ɗin a wuta ta karɓe ta wanke ta ninke. Ƙararrawar kuma Malam Tanimu ya ce a kai rafi a jefa, aka ba Nana ta kai.

Ba ta jefa ba. Ita ce ta ji abin da tsohuwar ta faɗa lokacin da take wucewa, ba wanda ya ji sai ita. Cewa ta yi sha uku da sha biyar ma da masu su, sun fita shan iska ne da aka yi ruwan, ba su dawo ba tukuna. Shi ya sa kullum in rana ta faɗi Nana take zagayawa bayan gida da ƙararrawar a cikin zani, ta kaɗa a hankali sau uku, ta ce an gama. Shekara biyu ke nan ba ta fasa ba ko da zazzaɓi. Yau ne kawai rubutun nan ya ɗauke mini hankali, ga shi har an kira salla ban

Tsaya. Ana taɓa ƙofar falo. Mutum biyu ne, kuma ba su yi sallama ba