Filastar da Na Ƙi Manna wa Eleazar

"Rufe idonka, Eleazar."

Ya rufe yana murmushi, ya miƙo min hannunsa na hagu.

Na ɗauki allura na taɓa babban yatsansa.

"Na ji."

Na taɓa manuniya.

"Na ji, Nélida. Rabin raina, yaushe za a gama wannan wasan?"

Na soka allurar a ƙaramin yatsansa. Ko motsi bai yi ba. Na ƙara dannawa har jini ya tsattsafo, shi kuwa yana ta murmushi, yana jiran in fara.

"Buɗe idonka," na ce.

Ya kalli jinin, ya kalle ni, ya yi maza ya ɓoye hannun a bayansa.

"Kanta ce kawai. Duk mai goge yatsunsa sun yi kanta."

"Ƙarya kake! Tun yaushe ya mutu?"

"...Sati uku."

Wata biyar ke nan da ya fara shigowa ɗakin gashin ƙashi da tsoka na asibitin da nake aiki a Barquisimeto. Shi ne na farko a layin masu goge na babbar ƙungiyar makaɗan garinmu. Ya zo da ciwo daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, na yanka filastar nan shuɗiya mai talewa na manna masa ita tana bin tsoka. Washegari ya dawo da arepa, wainar masara mai cuku, a takarda, wai awa shida ya yi yana kiɗa bai ji komai ba.

Daga nan kowace Talata da Juma'a sai ya zo. Ban san ranar da na fara sa turare saboda shi ba.

Yanzu ga shi saura kwana tara ya tafi Caracas, inda wani maestro, babban shugaban makaɗa daga Chile, zai zaɓi masu goge biyu ya tafi da su.

"Manna min kawai, masoyiya. In na ci, hutun shekara ma sai in yi."

"Filasta zafi take ragewa, ba ta warkar da jijiya. Jijiyar gwiwar hannunka ce a matse. Dubi nan, naman bayan hannunka ya fara zaizayewa! Ka ajiye goge wata uku, ka ga likitan jijiya."

"Wata uku? Nélida, kwana tara!"

"Ba zan manna ba."

Ya ɗauki akwatin gogensa ya fita, ko ƙofa bai ja ba.

Ranar Lahadi bayan coci na je gidansu. Señora Ligia, mahaifiyarsa, tana guga a baranda. Da gugar kayan mutane ta raine shi tun rasuwar babansa, wanda shi ma mai goge ne. A gefenta ga Marbelis, wadda ke zama kusa da Eleazar a wurin kiɗa, ita ma za ta gwajin. Tana shan kofi kamar 'yar gida.

"Ina wuni, Señora."

Señora Ligia ta ɗago kai daga gugar.

"Ke ce kika ce ɗana nakasasshe ne?"

"Ban ce ba. Cewa na yi in bai huta ba..."

"Mama, ai na gaya miki," in ji Marbelis, tana juya cokali. "Wata biyar tana manna masa, ba ta ga ciwo ba sai da ta ji zancen Chile. Tsoro take kada ya tafi ya bar ta da tsofaffi masu ciwon baya."

"Marbelis, ki ji tsoron Allah! Hannunsa ne fa!"

"Filastar banza ce, a kantin magani ake sayarwa. Ni ma na iya mannawa."

Señora Ligia ta dangwarar da dutsen guga.

"Shekara ashirin ina tsaye kan ƙafafun nan don yaron nan ya fita daga ƙasar nan da sana'ar ubansa. Ba wata mai almakashi da za ta tare shi. Fita min daga gida!"

Na ɗaga kai, sai ga Eleazar a bakin ƙofar ɗaki. Hannunsa naɗe da baƙar filasta, an ja ta tamau har yatsun sun kumbura.

"Eleazar... ko sassauta ta ka bari in yi."

"Ki je gida, Nélida," ya ce, idonsa a ƙasa.

A mota na yi kukan da ban taɓa yi ba. Abin da ya fi ci min rai, a maganar Marbelis akwai ƙwayar gaskiya. Tun wata na biyu ya kamata in tura shi wurin likita. Ban tura ba, saboda ina son Talata da Juma'a.

Ya tafi Caracas. Ya ci. Marbelis ma ta ci.

Na ga hotonsu a waya a filin jirgi, Señora Ligia a tsakiya tana dariya. Na kashe wayar na koma kan tsofaffina.

Wata bakwai ban ji daga gare shi ba.

Wata safiya ina wanke hannu aka ce ina da baƙuwa. Señora Ligia ce, ta rame, ta riƙe jaka da hannu biyu.

"'Yata..."

Ba ta taɓa kirana haka ba.

"Ya dawo. A tsakiyar kiɗa, gaban jama'a, yatsun suka ƙi tashi. An yi masa aiki a can, likita ya ce an makara. Ita kuma yarinyar nan ta haye kujerarsa, ko asibiti sau ɗaya ta leƙa." Ta fara durƙusawa, na tare ta. "Ki yafe min. Ki duba min shi."

Ya shigo a bayanta. Yatsu biyu sun lanƙwashe kamar ƙafar tsuntsu, hannun ya tsotse.

"Sannu, Licenciada," ya ce, sunan da baƙin marasa lafiya ke kirana da shi.

Wata huɗu na yi ina gasa hannun nan. Ruwan ɗumi, ƙwallon roba, tsintar wake ɗaya-ɗaya daga faranti. Wani lokaci in manna masa filasta don yatsun su samu madogara, ya kau da kai har in gama. Ba ya hira. Ranar da ya iya ɓalla maɓallin rigarsa da kansa, na yi ihu don murna.

"Goge fa?" ya tambaya.

Na hau tattara waken da ke faranti.

"Faɗa min. Ke ba kya min ƙarya."

"Ba zai dawo ba, Eleazar."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ɗan kawuna yana da shagon taya a Lima, can wata ƙasa. Jibi zan tafi."

"Ka zauna! Ka koyar da yara, ka yi komai... Ni ban damu da goge ba, kai nake so. Laifina ne ma, da na tura ka asibiti tun farko..."

"Ba laifinki ba ne, rabin raina." Ya shafa fuskata da hannun dama. "Amma duk sanda na gan ki, sai in ji muryarki tana cewa wata uku. Wata uku kacal, Nélida! Ba zan iya kwana in tashi da wannan ba. Zan tsane ki, kuma ba ki cancanta ba."

Na riƙe rigarsa. Ya zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Ranar tafiyar na je tasha da hantsi. Ya rungumi mahaifiyarsa, ni kuma ya ɗaga min hannu daga taga. Ba ya ɗauke da akwatin goge.

Motar ta fita, hayaƙinta ya baje. Muka tsaya ni da Señora Ligia har masu rakiya suka watse.

Can ta kamo hannuna, tafinta duk tabon ƙunar dutsen guga.

"Zo mu je gida, 'yata," ta ce. "Na manta, abincin mutum biyu na dafa."