Landiroba a Ƙarƙashin Farin Boyel

"Wallahi Ɗayyabu, in ka zo gidanmu da wannan rigar ban san ka ba."

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa. Tishat ce ruwan ƙasa, an zana mata tsohuwar Landiroba ja tana tsalle daga kan tudun yashi. Shi da abokansa direbobi suka buga ta, masu gyaran tsofaffin motoci suna tsere da su ranar Juma'a in sanyi ya shigo. Yana ji da ita kamar ƙwai.

"Hafizata, me ta yi miki?"

"Abba fa za ka gani... Dakta Mijinyawa. Mutumin da ko shara zai fitar sai ya sa hula."

Ta miƙa masa leda. Kaftani ne na farin boyel da ta sa aka ɗinko daga Kano, da hula zanna. Ya karɓa yana murmushi, ya ce an gama, ranki ya daɗe.

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne, a gida ta ce manaja ne a kamfanin yawon buɗe ido. To, kamfanin dai na yawon buɗe ido ne, wannan kam ba ƙarya. Amma Ɗayyabu direba ne, shi ke ɗaukar baƙi ya hau tudun yashi da su suna ihu. Hafiza na sonsa har cikin ɓargo, kalmar direban ce kawai ta ƙi fita daga bakinta a gaban Abba. Ta ce wa kanta in an saba sai ta gyara zancen.

Ranar Asabar bayan la'asar ya iso gidansu Hafiza a unguwar Al Thumama. Aiki ya riƙe shi, sai ya zura kaftanin a kan abin da ke jikinsa, ya kamo hanya daga Al Wukair. A hanya esin da ke sanyaya motar ya mutu. Wanda ya san zafin Doha na watan Agusta ba sai an yi masa bayani ba.

Hafiza ta shigo falo da tiren shayi, idonta a ƙasa kamar mutuniyar kirki. Ɗayyabu na zaune a kan kafet, ya naɗe ƙafa, hula ta zauna daidai. Ta ɗan ɗago don ta ji daɗi, sai idonta ya sauka a ƙirjinsa.

Gumi ya manne boyel ɗin da jikinsa. Ga Landiroba nan ja wur a ƙirji, har tayoyinta ana iya ƙirgawa. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Abba ma wurin yake kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Hafiza ta ce manaja kake a kamfaninku."

Ɗayyabu bai dube ta ba, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan ya zage ta.

"A'a Abba," ya ce a hankali. "Direba ne ni. Ni nake kai baƙi sahara."

"Direba."

"E, Abba."

Hafiza ta ajiye tiren ta juya za ta gudu. Abba ya ce, "Zauna." Ta zauna a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Shi ke nan, ta kashe aurenta da bakinta, ta kuma tozarta bawan Allah a gaban mahaifinta.

"Cire kaftanin nan," in ji Abba.

"Abba, a yi haƙuri, daga wurin aiki na..."

"Cire na ce, ɗana. So nake in gan ta sosai."

Ɗayyabu ya cire, kunya kamar ta kashe shi. Abba ya sauko daga kujera, abin da Hafiza ba ta taɓa gani ya yi wa baƙo ba, ya durƙusa a kan kafet ya kai yatsa kan zanen.

"Har tayar safaya a kan bonet," ya ce, muryarsa ta canza. "A ina kuka samo ta?"

"Wani tsohon hoto ne na tseren sahara, lokacin da ake bi ta Agadas. Ni ban ma zo duniya ba. Sha'awa ce kawai, Abba."

"Ni na zo." Abba ya yi ɗan murmushi. "Hafiza, me na ce miki kakanki yana yi?"

"Fatauci, Abba," ta amsa daga cikin mayafi.

"Fatauci... To, kayan fatake yake ɗauka. Auta Mai Landiroba ake ce masa, Kano zuwa Damagaram zuwa Agadas. Irin wannan ce sak, sai dai tasa koriya ce, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. In hutu ya zo ni ne yaron motarsa. Shekarar da masu tseren suka wuce, mun kwana a kan tudu muna kallon fitilunsu. Wata motarsu ta kafe, Baba ya jawo ta, suka ba shi hular hana sallah. Ya sa ta har ta yage."

Ya shafa zanen da babban yatsa.

"Da na samu karatun likita, shi ya kai ni makaranta da akwatina. Na ce ya sauke ni tun kafin ƙofa, kada 'yan ajinmu su gani. Ya ce to. Bai taɓa tayar da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa."

Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau. Hafiza ta fashe da kuka, don ta ga inda ta gado halin, kuma ba ta ji sauƙi ba ko kaɗan.

Abba ya share fuska ya miƙe. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Laifina ne kafin ya zama nata. Ni dai na ba ka, ka turo magabatanka. Sai dai ban sani ba ko har yanzu kana so, wannan tsakaninku ne."

Ya shige ciki. Ɗayyabu ya naɗe kaftanin da kyau, ya ɗora hular a kai, ya ajiye a hannun kujera. Ya yi sallama ya fita.

Ta bi shi har bakin get ba takalmi, siminti na ƙona mata tafin ƙafa.

"Ɗayyabu... don Allah tsaya."

Ya tsaya, hannunsa a kan ƙofar mota. Sai yanzu ya dube ta, idonsa ya yi ja.

"Da kin gaya mini, Hafiza. Da na san kunyata kike ji, da ban zo na zauna ina zuba gumi a falonku ba."

"Ba kunyarka nake ji ba, masoyina. Wallahi yau kunyar kaina nake ji."

"Gobe ma direba ne ni. Jibi ma haka. Ƙawayenki za su tambaya."

"Su tambaya."

"Me za ki ce?"

"In ce direba ne, kuma jikar direba zai aura."

Ya kawar da kai yana kallon titi. Ta goge hanci da bakin mayafi.

"Ka kawo mini rigar gobe in wanke maka, duk ta jiƙe."

"Ai na bar ta a falo."

"Ba waccan ba," ta ce. "Wannan ta jikinka. A igiyar gaban gida zan shanya ta."

Ɗayyabu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya saki ƙofar motar, ya nuna ƙafafunta.

"Koma inuwa kafin ki ƙone, amarya. Ki kuma tambayo mini Abba lamba nawa yake sawa, akwai sauran irin rigar nan a but ɗin mota."