Rakiyar Tsohuwar Lambu

Ku matso. Kai Badamasi, ajiye wayar nan ko in fasa. Abin da ya sami ƙawata Yahanasu zan gaya muku, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ita da mijinta suka je lambun nan na bayan gari, inda ake tara itatuwan duniya, kowace da allon sunanta a wuya. Jaririnsu ya yi barci, sai ta bar shi wurin uban a bakin ƙofa, wai za ta leƙa furanni ta dawo. Kun san ta da son kallo. Ga ɗawisu yana taƙama, ga kunkuru, ga wani fure ja kamar an zuba manja. Tana ta "kai, tubarkalla!" har ta kai inda itatuwan ba su da allo.

Nan tsuntsaye suka yi tsit.

Wata tsohuwa na zaune a gindin tsamiya. Ta ce, "Sannu 'yar nan. Kin yaba gidana. Bari in taka miki."

Suka kama hanya, tsohuwa a baya. Yahanasu na jin kukan ɗanta, kusa, kamar bayan shingen nan. Ta yi dama, tsamiya. Ta yi hagu, tsamiyar dai. Nono ya cika ya jiƙa mata riga. Busassun ganye na ƙara a ƙarƙashin ƙafarta, rumus, rumus. A bayanta kuwa ba ƙara ko ɗaya.

Ta saci kallo. Diddigen tsohuwar ne a gaba, yatsu a baya.

Wayyo Allah! Ta zuba da gudu har zani na kwancewa. Ta waiga, tsohuwa na nan dab da ita, ko haki ba ta yi. Muryar yaro ta fara dushewa.

Sai tsohuwar ta ce a hankali, "Ƙafata ta gaji, 'yar nan. Ku yaran yanzu ba kwa sallamar mai rakiya?"

Ashe nan ne matsalar! Mai rakiya ai ba ya juyawa sai an ce ya koma. Ta durƙusa ta ce, "Iya, rakiyar ta isa haka. Ki koma, na gode."

Tana ɗago kai, ga ƙofa, ga mijinta yana jijjiga yaro. Daɗi ya kwashe ta, bakinta ya suɓuce irin yadda muka saba, ta ce, "Sai kin zo."

Daga cikin itatuwa aka amsa, "Ina nan tafe. Ai ban yi barka ba."

Yaron ya yi wayo yanzu, har yana zuwa makaranta. Amma duk tsohuwar da ta yi sallama a gidan, sai Yahanasu ta tura shi ɗaki ta kulle, ta tsaya tana duban ƙafafu.

Don haka in an kai ku lambun nan, kada wanda ya wuce allo na ƙarshe shi kaɗai. Badamasi, da kai nake.