Tururuwa a Ludayin Lantana

Jaririyar tana tsala kuka a hannun Lantana, uwar jaririyar, Altine, kuma tana durƙushe a tsakar gida, dafe da nononta na hagu wanda ya yi tauri kamar dutse. Lantana, yayar Sirajo mijin Altine, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta sa an tatsi nonon a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki kamar yadda ake gwaji tun kakanni. Tururuwar ta yi motsi kaɗan, ta sandare.

"Kun gani ko? Dahi ne a jikinta!" in ji Lantana. "Sirajo, in kana son ɗiyarka da rai, raba ta da macen ga."

"Yaya, ki ji tsoron Allah... mi na yi miki? Ki bar min ɗiyata Nagode ko da bisa bayana ne!"

Wayyo Altine! Iyayenta sun rasu, gidansu na gado yana ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori tun shekarar da aka tashe su daga tsohon Maradun. Sirajo ya sunkuyar da kai, kafin la'asar ya sake ta. Haka ta isa Talata Mafara ƙafa ba takalmi, gaban rigarta jiƙe da nono da hawaye, har wata ma'aikaciyar jinya mai suna Selina ta tsince ta a bakin tasha. A asibitin Sakkwato da Selina ta kai ta, likita ya ce sankara ce, aka yanke nonon. Ya kuma ce ciwon ba ya bin shayarwa ya kama jariri. Ta yi kukan wannan magana fiye da kukan yankan.

Ta daɗe ba ta iya duban ƙirjinta. Wata safiya ta duba, ta shafa tabon, ta ce, "Alhamdu lillahi, ina nan." Daga nan mata masu ɓoye ƙari a nono suka fara zuwa ɗakinta, tana sauraronsu, tana raka su asibiti.

Cikinsu har da Husaina, tsohuwar maƙwabciyarta. Altine ce ta riƙe mata hannu har likita ya ce nata ƙarin ba sankara ba ne. A motar dawowa Husaina ta fashe da kuka.

"Altine, da idona na ga Lantana na shafe ludayin nan da maganin ƙwarin gonar rani... tsoro ya hana ni faɗi!"

Altine ta kai ƙara, Husaina ta maimaita haka a gaban alƙali. Aka miƙo wa Lantana Alƙur'ani don ta rantse, ta kasa. Alƙali ya sa aka tsare ta, ya ce a mayar wa uwa ɗiyarta.

Sirajo ya biyo Altine ƙofar kotu yana roƙon kome, a mayar da aurensu.

"Na yafe maka, Malam. Amma komawa, a'a."

Nagode ba ta gane ta ba, sai ƙyuya take yi tana zillewa. Altine ta kwantar da ita a ƙirjinta, daidai kan tabon, tana jijjiga ta a hankali har yarinyar ta yi barci.